Mai Ɗaukar Hoton Gishiri

A ƙasan ginin kimiyya na jami'ar, in ka sauka matakala ka bi lungun da ya wuce ɗakin ajiyar kwalabe, akwai wata ƙofa mai nauyi da jar fitila a samanta. In fitilar na kunne, injin na aiki ke nan, sai ka ƙwanƙwasa ka jira. Wadda za ta buɗe maka wata gajeriyar mata ce mai tabarau biyu, ɗaya a ido, ɗaya rataye a wuya. Kullum da rigar sanyi za ka gan ta, ko da waje ana rana mai narka kwalta, domin injin ba ya son zafi, ɗakin kuwa nasa ne kafin ya zama nata. Ɗalibai Anti suke ce mata. Tsofaffin ma'aikata da suka san farkonta, har yau 'Yar Mai Agogo suke kiranta.

Mahaifinta gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota, shagon da in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa. Ita ce auta cikin 'ya'ya shida, kuma ita kaɗai ce Allah ya hore wa zama wuri ɗaya. In an tashi daga makaranta shagon take wucewa. Tun tana shekara tara take ɗaukar sukurun da bai fi ƙwayar yashi ba da ɗan hantsaki, ta sa shi a raminsa ta ɗaure. Baban bai cika magana ba, abu ɗaya ya yi ta nanata mata har ya zauna: ki kafa gwiwar hannunki a kan tebur, ki saki numfashi, sannan ki taɓa.

Da ta gama sakandare ta yi kwas na shekara biyu kan aikin ɗakin gwaji, jami'a ta ɗauke ta. Aikin dai ba wani na a zo a gani ba ne. Wanke kwalabe, auna wa ɗalibai hoda da ruwan sinadarai, goge teburan da suka ɓata. Shekara bakwai tana wannan, ba ta taɓa fasa kwalba ko ɗaya ba, abin da shugaban masu wankin yake faɗa wa sababbi don ya ba su haushi. A cikin shekarun ne ta auri direban bas ɗin ma'aikata. Ita mota na sa ta jiri, don haka kullum kujerar da ke bayan direba take kamawa. Shi kuma ya ɗauka don shi take zama a wurin. Kafin gaskiya ta fito, magana ta riga ta yi nisa.

Sai jami'a ta sayi injin. An daɗe ana ja-in-ja a kansa, domin sashen sinadarai na so, sashen haɗa magunguna na so, masu nazarin duwatsu ma sun ce su suka fi cancanta. Ba yadda za a saya wa kowa nasa, sai aka yanke a sayi ɗaya, a ajiye shi a ɗakin da ba na kowa ba, duk mai buƙata ya kawo kayansa a duba masa. Aka ɗora wa wani tsohon farfesa, wanda ake ce wa Dogo, nauyin kula da wurin.

Aikin injin, in an taƙaita, shi ne wannan. Abubuwa da yawa in suka daskare a hankali suna fitowa ƙwaya-ƙwaya masu santsin fuska da kusurwa, kamar yadda gishiri ko sukari suke in ka kalle su da kyau. A wannan aikin, irin wannan ƙwayar lu'ulu'u ake ce mata, ko da ba ta da wata daraja a kasuwa. Ana zaɓar guda ɗaya, wadda ba ta kai kan allura ba, a manna ta a bakin wani siririn zaren gilashi, a ɗora a tsakiyar injin. Injin sai ya harba mata hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana jujjuya ta a hankali. Hasken in ya ratsa ta sai ya warwatse ya bar ɗigo-ɗigo a kan allo. Daga tazarar ɗigon da ƙarfin haskensu ake lissafo yadda ƙwayoyin zarra, wato 'yan mitsitsin tubalan da suka gina kowane abu, suka jeru a cikin abin, wace ke riƙe da wace, da nisan da ke tsakaninsu. Mutum zai yi shekara yana hasashen abin da ya haɗa a kwalbarsa, injin ya nuna masa shi a fili cikin yini guda.

Duk wannan Farfesa Dogo ya san shi kamar yunwar cikinsa. Abin da ya gagare shi shi ne manna ƙwayar a bakin zaren. Shekaru sun ja, hannunsa na ɗan rawa. Ranar da injiniyan kamfanin ya gama kafa injin ya tafi, Farfesa ya zauna gaban madubin ƙara girma tun hantsi. Ƙwaya ta farko ta murƙushe. Ta biyu ta nutse a cikin gam. Ta uku ya kama ta da kyau, yana ɗagowa ta yi tsalle, aka neme ta a ƙasa aka rasa. Malamai biyu matasa suka gwada, su ma ba su tsinana komai ba.

A lokacin ne 'Yar Mai Agogo ta shigo da tiren 'yan farantan gilashi da ta wanke. Ta ajiye, ya kamata ta fita, amma ta tsaya tana kallon yadda yake fama. Da ta ga zai sake lalata ta huɗu, bakinta ya suɓuce.

"Ranka ya daɗe, gwiwar hannunka a sama take."

Malaman nan biyu suka kalli juna. Ita kuwa ta sha jinin jikinta, har ta fara tunanin inda za ta nemi wani aikin. Farfesa ya ɗago, ya kalle ta ta saman tabarau, ya miƙe daga kujerar da duk tsawonsa.

"To, 'yata, zo ki nuna mana inda ake ajiye ta."

Ta zauna, ta gyara madubin daidai idonta, ta kafa gwiwar hannu, ta saki numfashi. Ta ɗan taɓa gam da bakin zaren, ta kai shi gefen wata ƙwaya mai kyan kusurwa, ta ɗago. Ƙwayar na zaune a tsakiya cas, kamar nan aka haife ta. Farfesa ya leƙa ya duba ta da kyau. Daga baya ya ce ta sake, don ya tabbatar ba sa'a ba ce. Ta sake sau uku. Washegari takarda ta iske shugaban masu wanki cewa an mayar da ita ɗakin ƙasa.

Da farko hannu kawai ta kawo, sauran duk Farfesa ne. Amma shi mutum ne da ba ya iya yin shiru in yana aiki, komai zai yi sai ya faɗa da ƙarfi, ita kuma ba abin da ke wuce kunnenta. A hankali ta gane ɗigon da suka fito tsaf-tsaf da waɗanda suka ja jela, ta san ƙwayar da za ta ba da amsa da wadda za ta ɓata wa mutane yini. Lissafin ya ba ta wuya sosai. Ta sayi littafin rubutu mai kauri, duk abin da ya faɗa ta rubuta, wanda ba ta gane ba ta ja masa layi, da safe ta tare shi da tambaya kafin ya cire hula. Shekara uku ana haka. Ranar da ta warware tsarin wani abu ita kaɗai daga farko har ƙarshe, Farfesa ya duba ya sake dubawa bai sami kuskure ba, sai ya zaro makullin ɗakin daga aljihu ya ajiye mata a kan tebur, ya ce shi yanzu ɗan leƙe ne.

A gida kuwa maigidan bai taɓa fahimtar aikin ba, kuma bai damu ba. In abokansa direbobi suka tambaye shi me uwargida ke yi a jami'a, sai ya gyara zama ya ce ai hoton gishiri take ɗauka. Su ce gishiri kuma? Ya ce ƙwarai, ƙwaya ɗaya-ɗaya, kuma manyan farfesoshi layi suke bi. Ta yi ta gyara masa har ta gaji ta ƙyale shi. Yaransu uku suka tashi da wannan maganar, har ƙaramar ta rubuta ta a makaranta da aka ce kowa ya faɗi sana'ar iyayensa, malamar ta zagaye da jan biro ta sa alamar tambaya.

Mahaifinta sau ɗaya ya zo ɗakin, bayan ya tsufa ya bar wa almajiransa shagon. Ta riƙo hannunsa suka sauka matakalar. Bai kula da allon kwamfuta ba, bai kula da hotunan da aka manna a bango ba. Gaban gilashin injin ya tsaya, yana kallon hannuwan ƙarfen nan suna juyawa a hankali, ɗaya a cikin ɗaya, ya kasa kunne. Can ya ce, "Auta, wannan ai agogo ne, lokaci ne kawai ba ya faɗa. Kina ba shi mai kuwa?" Ta ce injiniya ne ke zuwa ya ba shi. Ya ce to ta gaya wa injiniyan haƙorin da ke ƙasa ta hagu ya fara bushewa. Da injiniyan ya zo ta faɗa masa, yana murmushin raini ya buɗe injin ya duba, murmushin ya ɗauke.

Da yake ɗakin na kowa ne, babbar fitinarsa ita ce layi. Kowa abinsa ne na gaggawa. Anti ta ajiye littafi a bakin ƙofa, wanda ya riga zuwa shi ke gaba, ko ɗalibi ne ko shugaban tsangaya. An yi mata waya, an aiko mata da saƙo ta hannun mijinta a bas, wani ma ya zo da kansa yana ta jero muƙamansa. Takan saurara da ladabi, ta ce ranka ya daɗe gaskiyarka ne, sannan ta miƙa masa biro ya rubuta sunansa a ƙasan na ƙarshe.

Cikin masu yawan zuwa akwai wani malamin sashen haɗa magunguna da ake yi wa laƙabi da Dakta Ganye, saboda kullum ofishinsa cike yake da saiwoyi da ɓawon itace yana jiƙawa yana tacewa. Wata rana ya sauko da gudu-gudu, baki har kunne, riƙe da 'yar kwalba a cikin hankici. Wata takwas yana tace saiwar wani tsiro, yau ga lu'ulu'u sun fito manya-manya, farare tas, suna ƙyalli. Ya ce ba shakka sabon magani ne, har ya fara tunanin sunan da zai raɗa masa. Anti ta leƙa su a madubi, ta fara shakka, don sun yi kyau fiye da kima, kuma kamar ta san wannan siffar. Ta ɗora ɗaya a inji. Minti goma bai cika ba awon farko ya fito, ta gwada shi da kundin abubuwan da aka riga aka sani. Amsar ba ta da shakka.

Yadda za ta faɗa masa ne ya dame ta. Ta jona butar lantarki da take ajiyewa a ƙaramin ofishinta, ta haɗa masa shayi, ta ba shi ba tare da ta sa komai a ciki ba. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya tambaya ko sukari ya ƙare.

"Nawa ya ƙare, Dakta. Sai dai in za ka ba mu naka."

Ya kalle ta, ya kalli allon da ta juyo masa, ya karanta layin sau biyu. Saiwar tana da zaƙi, sukarin da ke cikinta ne ya biyo tatar ya daskare. Ita kuma tana ta addu'a a zuci kada ta ɓata masa rai. Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Ya yi dariya har da hawaye, yana cewa wata takwas, wata takwas yana noman sukari a ofis. Da ya nutsu ta nuna masa cewa ruwan da ya rage a gindin kwalbar akwai wani abu rawaya a ciki wanda bai daskare ba tukuna, wataƙila abin da yake nema yana can. Ya koma ya bi ta kansa. Shi da kansa yake ba ɗalibansa wannan labarin duk shekara, yana ƙara masa gishiri.

Amma aikin da ya fi tsaya mata a rai na wata ɗalibar digiri na uku ne, matar aure mai yara biyu 'yan tagwaye, wadda kowa ke kira Maman Tagwaye. Ta haɗa wani sinadari da take fatan zai yi aiki a kan ƙwayar cuta, amma shekara ɗaya da rabi abin ya ƙi daskarewa. Kowace dabara ta gwada sai ya fito kamar danƙo mai launin zuma. In ba lu'ulu'u ba hoto, in ba hoto malaminta ba zai sa hannu ba. Ta rame, ta fara maganar ajiye karatun ta koma koyarwa.

Anti ta ce ta kai ta inda take ajiye kwalaben. Suka hau sama. Ga su nan a jere a kan tebur, kusa da wata na'ura da ke gurnani tana girgiza teburin duk yini. Suna tsaye suna magana, Maman Tagwaye ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga wa haske, ta karkaɗa, ta ajiye, ta ɗauki wata. Anti ta tambaye ta sau nawa take yin haka a rana. Ta ce ba ta ƙirga ba, amma duk wucewar da za ta yi sai ta duba.

"In yaranki suka fara barci, kina ɗaga su ki ga ko sun yi?"

Ta ce a'a, ai ko tari ba a yi a gidan.

"To ba ni su nan."

Suka narkar da danƙon sabo a cikin 'yan kwalabe goma sha biyu, kowace da ruwan sinadari daban, suka huda murfin da allura don ruwan ya riƙa tashi a hankali. Anti ta kwashe su ta sauka da su, ta sa a wani kabad da ke jingine da bangon siminti, ta kulle, ta jefa makullin a jakarta. Ta ce sati uku, kafin nan ko hanyar kabad ɗin kada ta kalla. Maman Tagwaye ta zo a kwana na huɗu wai gaisuwa, ta zo a na tara wai ta manta biro. Anti ta amsa gaisuwar, ta ba ta biro, kabad na nan a kulle.

Ranar da aka buɗe, goma sha ɗaya danƙo ne kamar kullum. A ta ƙarshe, can a jikin gilashi kusa da wuya, akwai wasu 'yan abubuwa uku masu ƙyalli. Maman Tagwaye ta toshe baki da gyale, ta kasa matsowa. Anti ta ciro mafi kyau ta sa a madubi, ta daɗe tana juya ta, sai ta fara dariya ƙasa-ƙasa. Ƙwayoyi biyu ne suka tsiro manne da juna baya da baya. A wannan aikin ma tagwaye ake ce wa irinsu, kuma in aka ɗora su haka ɗigon ɗaya na hawa kan na ɗaya, lissafi ya rikice.

"Ke dai komai naki biyu-biyu yake zuwa," in ji ta.

Ta ɓare sabuwar reza. Abin da za ta yanka bai kai kaurin gashi uku ba, kuma in ta matsa da yawa duka biyun za su zama gari. Ta nemo layin da suka haɗu, ta ɗora bakin rezar, ta danna sau ɗaya. Ɗaya ta tarwatse. Ɗayar ta mirgina gefe lafiya lau.

Washegari da hantsi hoton ya fito a allo, kuma ba abin da suka zata ba ne. Maman Tagwaye ta yi tsammanin jerin zarra ne miƙaƙƙe kamar sarƙa, ashe bakin sarƙar ya lanƙwaso ya kama gindinta ya zama zobe. Ta ɗauka duk aikin ya rushe. Aka kira malamin nata. Ya sauko, ya sa Anti ta yi ta juya masa hoton ta kowace fuska, sannan ya zauna a kan kujerar da ba a ba shi ba, ya ce wannan zoben ba wanda ya taɓa haɗa shi, kuma shi ne ya bayyana duk sakamakon da ya yi shekara yana ɗaure musu kai. Da suka rubuta aikin don bugawa, sunan Anti ne na uku. Ta ce a cire, ita ba ta da digiri. Maman Tagwaye ta ce in an cire nata to a cire duka.

Ranar da Maman Tagwaye za ta kare kundin digirinta gaban masu jarrabawa, Anti ta zauna a layin baya. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, wani siririn dattijo mai ƙaramar murya, ya yi tambayoyinsa aka amsa. Daga ƙarshe ya buɗe shafin da aka yi bayanin raba tagwayen lu'ulu'un, ya tambaya wa ya yi yankan. Kawuna suka juya baya. Ba yadda ta iya, ta miƙe ta ɗan rusuna.

Bayan an tashi, ana ta hotuna a waje da 'yan tagwayen suna jan rigar uwarsu, dattijon ya biyo ta ƙasa. Ya zaro ambulan daga jakarsa, a ciki akwai 'yar kwalba mai wasu lu'ulu'u sirara kamar gashin mage. Ya ce shekara huɗu yana yawo da su, wurare uku sun gwada sun ce ba za su ɗauku ba. Ta leƙa, ta ce ba ta yi alkawari ba, amma ya bar su. A ta bakwai da ta gwada aka dace. Bayan sati biyu ta aika masa da sakamakon, ya rubuto wasiƙar godiya shafi biyu da hannunsa.

Shi ne ya baza labarin. Tun daga lokacin ƙananan fakiti suke zuwa daga jami'o'in da ba ta taɓa takawa ba, naɗe da auduga, wasu ko cikakken adireshi babu, sai dai a rubuta Anti, ɗakin ƙasa, ginin kimiyya. Mai rarraba wasiƙu ya daina tambaya. Shekara biyu suka rage mata ta ajiye aiki, kuma ta riga ta gaya wa hukuma su nemo wanda za ta koya wa tun yanzu, mai haƙuri, ba lallai mai yawan takardu ba. Makon jiya ma fakiti uku suka iso. Ɗaya ya fashe a hanya, ta rubuta wa mai shi ya sake aikowa, wannan karon ya cika audugar. Sauran biyun ta duba su a madubi, ta ce akwai alamar alheri.